Kafin Ka Tambayi Hukuncin "Kashbak", Tambayi Daga Ina Kuɗin Yake Fitowa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:



A makon jiya wani tsohon ɗalibina ya tare ni bayan sallar Isha'i ya ce, "Malam, kashbak halal ne?" Na ce masa ya fara bayyana mini abin da yake nufi. Sai ya nuna mini wani shafi a wayarsa. Ya biya naira 15,000 kuɗin rajista, an ce ya riƙa "sayen" kaya kullum ta hanyar danna maɓalli, za a mayar masa da kuɗinsa har da ƙari. Ko allura ba a taɓa aiko masa ba. Yanzu an ce sai ya ƙara zuba kuɗi kafin ya cire abin da ya tara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya shigar da ƙanwarsa da abokansa biyu, hujjarsa kuwa ya ji an ce malamai sun halatta kashbak.

A kan wannan hujja nake son yin magana. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Mu kuwa yau suna kawai muke kai wa malami, mu karɓo fatawa, mu liƙa ta a kan duk abin da ya ari wannan suna. Wannan wasa da addini ne, kuma wasa da dukiyar mutane ne.

Bari mu fara da na gaskiya, domin akwai shi. Shafin kashbak dillali ne, ba ɗan kasuwa ba. Kai ka shiga ta ƙofarsa zuwa kantin intanet, sai a ajiye wata 'yar alama a wayarka ko kwamfutarka mai nuna cewa shi ya kawo ka. Idan ka sayi kaya, kantin ya biya shi la'ada, shi kuma ya yago maka wani abu daga ciki. Misali, ka sayi takalmi na naira 20,000, kantin ya ba dillali 1,000, dillali ya ba ka 600 ya riƙe 400. A haka Ebates ya fara a Amurka a 1998, har kamfanin Rakuten na Japan ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 1. Haka ma TopCashback da Quidco a Ingila, waɗanda suka fara a 2005. Rajista a irin waɗannan kyauta ce. A fahimtata, idan kayan halal ne, ciniki ya tabbata, kuma ba ka biya komai don shiga ba, abin da aka mayar maka yana kama da rangwame ko gyaran da mai awo ke ƙara maka. Wanda ya ce duk kashbak kuɗin ruwa ne ya yi gaggawa. Sai dai a ware wanda ake bayarwa a kan katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa, wannan wata mas'ala ce dabam.

To amma ko na gaskiyar, kada a yi wa rogo kallon kitse. Kuɗin ba ya zama naka ranar da ka gan shi a allo. Yakan zauna makonni ko watanni ana jiran kantin ya tabbatar ba ka mayar da kayan ba. Idan alamar nan ta ɓace, ko ka yi amfani da lambar rangwame daga wani wuri, kantin yana iya ƙin biya, dillali kuma ya ce maka babu. Wasu shafukan sai ka tara wani adadi kafin su bari ka cire. Kuma abin da ke cikin asusunka a can ba ajiyar banki ba ne, hukumar NDIC mai inshorar ajiyar bankuna ba ta san da zamansa ba. Sannan ka tambayi kanka: me ya sa kanti zai yarda ya biya la'ada? Saboda ya san mutumin da aka yi wa alkawarin mayarwa yakan sayi abin da bai yi niyya ba. Wanda ya kashe 20,000 a kan abin da ba ya buƙata don a mayar masa da 600, asarar 19,400 ya yi, ko da ya kira ta riba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu ga na bogi. Bambancinsa da na gaskiya abu ɗaya ne: daga ina kuɗin yake fitowa? A na gaskiya daga ribar ɗan kasuwa ne, shi ya sa yake ɗan kaɗan. A na bogi daga aljihun wanda ya shigo bayanka ne, shi ya sa yake da yawa. Ba mu kaɗai aka yi wa haka ba. Kamfanin Lyoness, wanda aka kafa a 2003, da sunan kashbak ya yi suna a Turai. A farkon 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta sanar da cin sa tarar Yuro miliyan 3.2, saboda ta gano cewa ginshiƙin tsarin shi ne shigo da sababbin mutane su zuba kuɗi, kashbak ɗin ado ne kawai. A nan gida mun ga MMM da ya yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. Mun ga CBEX da ya rushe a Afrilun 2025. Waɗannan biyun ba da sunan kashbak suka zo ba, amma injin ɗaya ne, riga kawai ake sauyawa.

Na san abin da wani zai ce: "Ai Malam ni an biya ni, na ga kuɗin a asusuna." Na yarda an biya ka. Amma da kuɗin wa? Idan babu kaya, babu ɗan kasuwa, babu la'ada, to kuɗin ƙanwar wani ka karɓa, wadda ta shigo bayanka kuma ba za ta fita da komai ba. Biyan na farko shi ne tarkon da ake kama na ƙarshe. Cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna haramun ne, ko da ta waya ta zo. Kai kuma da kake tura adireshin shafin a zaurukan WhatsApp, kana haɗawa da "insha Allahu" da "wallahi na gwada", ka sani amanar da 'yan uwanka suka ba ka ce kake sayarwa, kuma za a tambaye ka.

Don haka kafin ka shiga kowane shafi, yi masa tambayoyi huɗu. Shin sai na biya kafin in shiga, ko kafin in cire kuɗina? Shin akwai kaya na haƙiƙa da zai iso hannuna daga kantin da na sani? Shin samuna ya dogara ne da kawo mutane? Shin abin da aka yi alkawari ya fi ƙarfin ribar da ɗan kasuwa ke samu? Idan amsa ta karkace ko da a guda ɗaya ne, ka tsere da kuɗinka da mutuncinka. Idan duk sun daidaita, ka sayi abin da da ma za ka saya, ka cire kuɗinka da zarar sun nuna, kuma kada ka saka su a lissafin cefane tun ba su zo ba.

Shi kuwa ɗalibina, na ce masa kada ya ƙara ko sisi, ya je ya faɗa wa ƙanwarsa da abokansa gaskiya a daren nan, ya nemi afuwarsu. Ya yi shiru, sannan ya ce wannan ya fi masa asarar kuɗin nauyi. Na ce masa da wannan nauyin tuba take farawa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadatar da mu da ita ga barin haram. Wallahu a'alam.