Masu lavaji da masu mota, mu raba roba da gazuwal

Shekaranjiya mun tsaya wani wurin lavaji nan Maraɗi, muka iske mai taksi ya shaƙe wuyan rigar wani yaro, wai ya ɓata mashi parshok. Yaron ya goga ma mota man ƙyalli ne, man ya taɓa baƙar robar parshok da ta bakin gilashi, ta yi fari kamar an shafa alli. Ya wuni aiki, ya tashi ba ko dala.

Mu dai a ganinmu laifin ba na yaro kaɗai ba ne. Wa ya koya mashi? An yi man nan don fenti mai santsi. Roba kuwa tana da ƴan ramuka, nan yake shiga ya bushe, ranarmu mai wuce digiri 40 ta gasa shi. Ruwa bai fidda shi, tunda aikinshi kenan korar ruwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganin da ake yi. Sai a ɗebo gazuwal ko baƙin man vidanji a shafe. Nan take ta yi baƙi wuluk, kowa ya ji daɗi. Kwana biyu ƙura ta manne, farin ya komo. Robar ƙofa kuma tana shan man, ta kumbura, ta saki. Hunturu ƙura ta shigo, damina ruwa ya shigo. Ko man gyaɗa da wasu ke sawa, ɓoye tabon yake yi kawai.

Gyaran ba shi da tsada. A kai mota inuwa ta huce. A goge wurin da gom irin na ƴan lakwal, sannan a bi da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. In ya ƙi, a ɗiga alkol na farmasi a tsumma, a fara gwadawa a lungu. Kafin a sa man kuwa, a rufe robar da skoc ɗin takarda.

Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kowa ya san yadda kayan mota suka yi wuta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Iyayen gidan lavaji, ku koya ma yaranku. Mu kuma masu mota, mu bar azalzalarsu da "yi sauri", mu biya su haƙƙin guminsu.

Ku fa, ya ake yi a garinku? Allah shi ba mu alheri.