Gas ɗin esi ba fetur ba ne

Da watan Maris ya kama, rana ta fara narka kwalta, za ka ga layi a wurin masu gyaran esin mota. Bakin kowa ɗaya: "Oga, gas ya ƙare, a ƙara min." Mai gyara ya jona tiyo, ya juye gwangwani, sanyi ya buso, a biya a tafi. Kafin damina ta sauka an sake dawowa da maganar.

Gas ɗin esi ba ƙonewa yake yi ba, zagaye yake yi. Kwamfiresa ya matsa shi, ya huce a kondensar da ke gaban lagireto, ya bi ta wata 'yar matsattsiyar mashiga zuwa ibafareta can ƙarƙashin dashbod, ya kwashe zafin cikin mota, ya koma inda ya fito. Abin da ke sulalewa da kansa kaɗan ne, sai a shekaru ake ganewa. Motar da ke neman ƙari duk bazara yoyo take yi, mai ita kuma zuba ruwa a kwando yake.

A tsohuwar mota wuraren yoyon sanannu ne: robobin mahaɗa da suka bushe, tiyon da ya tsage, bakin kwamfiresa, ko kondensar da tsakuwa ta huda. Man kwamfiresa tare da gas yake tafiya, don haka inda ka ga maiƙo ya kama ƙura a jikin bututu, nan ne. Kumfar sabulu ma tana nunawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mutane da yawa sun daina kunna esi sai da baƙo a mota, robobin kuwa in man kwamfiresa bai ratsa su ba bushewa suke yi. Kunna shi na 'yan mintoci duk mako, ko da hunturu ne, ya fi sauƙi a aljihu.

Inda na fi ganin ganganci shi ne wajen zuƙe iska. Duk lokacin da aka buɗe bututun, iska da danshi sun shiga. Dole a sa injin zuƙa ya yi kamar rabin awa, a kashe, a zuba wa geji ido. In allura ta motsa, yoyo na nan, kada a zuba komai. Danshin da aka bari yakan daskare ya toshe mashigar, yakan kuma gauraya da mai ya zama abin da ke cin ƙarfe ta ciki. Diraya, wadda aikinta shanye danshin, a canza ta. Sannan a auna gas da sikeli. Akwai takarda a ƙarƙashin bonet da ta faɗi giram nawa motar ke ɗauka. Masu taɓa bututu da hannu su ce "ya isa" sukan zarce, gas in ya yi yawa kuma sanyi raguwa yake, kwamfiresa ya wahala.

Masu Fijo 504 da tsofaffin Marsandi suna da nasu ƙarin. Motocin da aka ƙera kafin wajejen 1994 da gas ɗin R-12 suka zo, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda illarsa ga ozon. R-134a da ya maye gurbinsa ba ya jituwa da tsohon man. Sai an wanke, an canza mai da robobi da diraya, an kuma zuba ƙasa kaɗan da awon da. Wanda kuma ya ce zai zuba maka gas ɗin girki don araha, ka ɗauke motarka. Wannan wuta yake kamawa.

Ba na ɗora laifin duka a kan makanikai. Mu ne muke zuwa da gaggawa, mu ji kuɗin cikakken gyara mu ce "a dai ƙara gas ɗin tukuna". Wanda ya san aikinsa ya gaji da bayani, ya yi mana abin da muke so. Kwamfiresa kuwa in ya yi ta juyawa ba mai, ranar da ya ci kansa ɓurɓushin ƙarfe zai watsu ko'ina, a koma kasuwar Ƙofar Ruwa neman kwamfiresa da kondensa ɗan Beljiyam, shi ma ba wanda ya san cikinsa.