Mbappé da PSG: kotu ta raba gardamar kuɗi, ta magoya baya tana nan daram

Ranar 16 ga Disamba 2025, kotun ma'aikata ta birnin Paris ta umarci ƙungiyar PSG ta biya tsohon ɗan wasanta Kylian Mbappé kusan miliyan 61 na euro, wato kusan miliyar 40 na sefa, na albashi da sauran haƙƙoƙin da ta riƙe masa tun kafin ya koma Real Madrid. Alƙalai sun duba takardu sun yanke hukunci. Amma a gidajen kallon ƙwallo da fadojin matasa na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, inda ake bin wannan rikici tun farkonsa, hukuncin bai sauya ra'ayin kowa ba. Masu kiransa maci amana ba su janye ba, masu cewa guminsa ya karɓa su ma suna kan bakansu.

Dalilin haka shi ne ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Kotu ta auna abin da aka rubuta aka sa wa hannu. Magoyin baya yana auna abin da ya ji an yi masa alkawari, ko da babu wanda ya rubuta masa shi.

Yadda aka faro

Mbappé ɗan Bondy ne, a gefen birnin Paris. Mahaifinsa ɗan asalin Kamaru ne, mahaifiyarsa Fayza Lamari, wadda ke jagorantar cinikinsa, asalinta Aljeriya. Ya zo PSG daga Monaco a 2017 yana ɗan shekara 18, a cinikin da ya kai miliyan 180 na euro. Shekara ɗaya bayan nan ya ɗauki kofin duniya da Faransa. Ga mutanen Paris, wannan ba baƙo ba ne da aka sayo daga Brazil ko Ajantina. Yaron gida ne, kuma a kansa suka ɗora burin kofin zakarun Turai da masu ƙungiyar, 'yan Katar, suka yi ta zuba wa dukiya tun 2011.

Sai dai tun yana ƙarami kowa ya san zuciyarsa na Madrid. A watan Agusta 2021 Real Madrid ta taya shi a kan miliyan 160 na euro, daga baya ta ƙara, alhali saura shekara ɗaya tak kwantiraginsa ya ƙare. PSG ta ƙi sayarwa. Daga nan mutanen Madrid suka zauna jiran damina ta gaba, da yaƙinin zai zo musu kyauta.

Ranar 21 ga Mayu 2022 aka wayi gari da akasin haka. Mbappé ya fito a filin Parc des Princes tare da shugaban ƙungiyar Nasser Al-Khelaifi, suna riƙe da riga mai ɗauke da 2025. Shugaban Faransa Emmanuel Macron da kansa ya amsa cewa ya shawarce shi da ya zauna. Paris ta yi biki, Madrid ta ɗauki zafi, har hukumar gasar Sifaniya ta kai ƙarar PSG gaban UEFA. Magoya bayan Real, a Sifaniya da nan gida, suka dinga cewa ya sayar da mafarkinsa saboda kuɗi, kuma kada ya sake ya taka musu fili.

Rigar 2025 da abin da ke cikin takarda

A nan ne tushen ɓacin ran mutanen Paris yake. Abin da aka sa wa hannu a 2022 kwantiragin shekara biyu ne, zuwa 2024, da zaɓin ƙarin shekara ɗaya wanda ɗan wasan kaɗai ke da ikon ɗauka ko bari. Rigar da aka ɗaga wa jama'a ta ce 2025, takardar ta ce 2024. Ƙungiya ta san haka, ɗan wasa ya san haka, mai sayen tikiti ne kawai bai sani ba.

A watan Yuni 2023 Mbappé ya aika wa PSG wasiƙa cewa ba zai ɗauki ƙarin shekarar ba. Ma'anar wannan a fili take: zai buga kaka ɗaya ya tafi, ƙungiyar ba ta samu ko dala ba a kan ɗan wasan da ta saya miliyan 180. PSG ta mayar da martani da ƙarfi. Ta cire shi daga tawagar da ta tafi Japan da Koriya ta Kudu, ta tura shi atisaye tare da 'yan wasan da take neman rabuwa da su. Ƙungiyar Al-Hilal ta Saudiyya ta kawo tayin miliyan 300 na euro, PSG ta yarda, shi kuma ya ƙi ko zama da su.

Cikin watan Agusta aka sasanta, ya dawo fili. PSG ta ce a wannan sasantawar ya yarda da baki zai yafe wani ɓangare na kuɗinsa don kada ƙungiya ta tashi a tutar babu idan ya tafi kyauta. Lauyoyinsa suka ce babu wata takarda da aka sa wa hannu a kan haka. A Fabrairu 2024 ya shaida wa shugabannin ƙungiyar zai tafi, a watan Mayu ya sanar da duniya. PSG ta riƙe albashinsa na Afrilu, Mayu da Yuni, da kashin ƙarshe na kuɗin sa hannu, jimilla miliyan 55 na euro. Kwamitocin hukumar gasar Faransa sau biyu suna ba shi gaskiya, a Satumba da Oktoba 2024, ƙungiyar ta ƙi biya. A gaban kotun ma'aikata kowa ya ɗaga farashi: shi ya nemi sama da miliyan 260, ita ta nemi miliyan 440 a matsayin diyya. Kotu ta watsar da buƙatar PSG, ta kuma watsar da mafi yawan tasa, ta ba shi abin da kwantiragi ya rubuta.

Kuɗin ne ko jan ran?

Mai albashi mafi ƙanƙanta a Nijar yana karɓar jika 42 a wata. Sai ya yi aiki sama da shekara dubu 79 bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara abin da kotu ta ba Mbappé. Wanda ya biya dala ashirin ya shiga gidan kallo, idan ya ji mai irin wannan arziki yana shari'a a kan albashin wata uku, dole abin ya yi masa banbaraƙwai.

Duk da haka, yawan kuɗi kaɗai bai isa ya bayyana fushin ba. Ranar da ya sabunta kwantiragi a 2022, da albashin da ya fi na kowa a ƙungiyar, babu ɗan Paris da ya yi ƙorafin an ba shi da yawa. 'Yan Madrid ne suka kira shi mai kwaɗayi a ranar. Da ya juya a 2024, sai bakuna suka sauya: Paris ta ɗauki zagin, Madrid kuma ta cika filin Bernabéu da mutum kusan dubu 80 ranar 16 ga Yuli don tarbarsa. Kalmar kwaɗayi tana fitowa ne daga bakin wanda aka bari. Wanda aka zaɓa ba ya tambayar nawa aka biya.

Abin da ya fi ƙona wa magoya baya rai shi ne jan rai. Shekara uku a jere, daga 2021 zuwa 2024, duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa labari ɗaya ne: zai tafi, zai zauna, ya fasa. Ƙungiyar da ke da Messi da Neymar ta koma kamar duk harkarta na jiran shawarar mutum ɗaya. Magoyin baya na iya yafe wa wanda ya ce masa sai wata rana ya tafi. Wanda ya sa shi ya sayi riga, ya yi ta kare shi a majalisa, sannan daga baya ya gano tun farko takarda ta faɗi ranar tafiya, yafe masa na da wuya. A wasansa na ƙarshe a Parc des Princes, ranar 12 ga Mayu 2024 da Toulouse, wani ɓangare na 'yan kallo ya yi masa ihu da aka kira sunansa, wani ɓangaren kuma ya ɗaga ƙaton hotonsa don girmamawa. Mutumin da ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 256, fiye da kowa a tarihinta, haka ya fita, fili a rabe.

Amanar ƙungiya fa?

Masu kare Mbappé suna da tasu hujjar, kuma mai nauyi ce. Bai karya kwantiragi ba. Ya buga har ranar ƙarshe, sannan ya yi amfani da 'yancin da doka ta ba kowane ɗan wasa a Turai tun hukuncin Bosman na Disamba 1995. Jean-Marc Bosman ɗan Beljiyam ne da ƙungiyarsa ta Liège ta hana shi komawa Dunkerque bayan kwantiraginsa ya ƙare, ta kuma zaftare masa albashi. Ya yi shekara biyar yana shari'a kafin kotun Tarayyar Turai ta ce wanda wa'adinsa ya cika yana da ikon tafiya inda ya ga dama ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba. Tun daga nan shekarar ƙarshe ta kwantiragi ta zama makamin ɗan wasa, kuma kuɗin da da za a ba ƙungiya sai ya koma aljihunsa a matsayin kuɗin sa hannu.

Su ma ƙungiyoyin ba su cika riƙe amanar da suke nema ba. Marco Verratti ya yi shekara 11 a PSG, da sabon koci ya zo a 2023 aka nuna masa ƙofa, ya ƙare a Al-Arabi ta Katar. Iker Casillas, wanda ya shiga Real Madrid tun yana yaro, ya yi bankwana a 2015 shi kaɗai gaban 'yan jarida yana hawaye. Sergio Ramos, kyaftin ɗin da ya ɗauki kofin zakarun Turai huɗu, ya ce lokacin da ya amince da tayin ƙarin shekara ɗaya a 2021 sai aka gaya masa wa'adin tayin ya wuce. Magoya bayan PSG da kansu sun yi wa Messi da Neymar ihu a Maris 2022, har wasu suka taru a ƙofar gidan Neymar a Mayu 2023 suna cewa ya tafi. Ɗan wasan da ya ga wannan da idonsa ya san cewa targaɗe ɗaya a gwiwa ko kaka ɗaya marar kyau sun isa a manta da shi. Shekarun cin kasuwarsa ba su fi goma zuwa goma sha biyar ba.

Saboda haka mutum uku ne a cikin wannan ciniki, kuma biyu ne kawai ke da takarda. Ƙungiya na da lauyoyi, ɗan wasa na da lauyoyi. Magoyin baya ba ya sauya ƙungiya, ba a biyansa, shi ke biya, kuma babu kotun da zai kai ƙara idan aka ɓata masa rai. Ihu a fili da zagi a Facebook su ne kaɗai abin da ke hannunsa, shi ya sa yake yinsu ba sassauci.

Abin da ya biyo baya

Fili ya ba kowane ɓangare abin faɗa. Ranar 31 ga Mayu 2025, kaka ɗaya bayan tafiyarsa, PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema a Munich, ta ɗauki kofin zakarun Turai karo na farko a tarihinta. A watan Yuli ta doke Real Madrid da ci 4 da nema a gasar ƙungiyoyin duniya a Amurka, sannan Ousmane Dembélé ya lashe Ballon d'Or a Satumba. Ga ɗan Paris, wannan ya isa shaida cewa mutum ɗaya ne ya danne ƙungiyar shekara da shekaru. Shi kuwa Mbappé ya ci ƙwallo 31 a kakarsa ta farko a gasar Sifaniya, ya karɓi takalmin zinare na Turai, duk da cewa Barcelona ce ta ɗauki kofin gasar.

Nasarar PSG ta rage zafin fushin fiye da yadda kowane hukunci zai iya, domin wanda ya ƙoshi ba ya yawan tuna wanda ya tashi daga kan akushi. Da ƙungiyar ta shiga halin ni-'yasu bayan tafiyarsa, da har yanzu sunansa na cikin bakin masu tsinuwa.

Ga masu kallo a nan, akwai darasin da ya wuce gardamar wa ya fi wa. A kasuwannin Maradi da Damagaram har gobe ana ƙulla ciniki mai nauyi da baki da shaidu, kuma wanda ya saɓa ya zubar da mutuncinsa. Ƙwallon Turai ba ta tafiya a kan wannan. PSG, da duk dukiyar Katar a bayanta, ta dogara da maganar baki, ta kuma sha kaye a kotu. Iyayen da wani dillali ya zo wa da alkawarin kai ɗansu gwaji a Faransa ko ƙasashen Larabawa, su nemi a rubuta komai: albashi nawa, shekara nawa, wa ke da ikon tsawaitawa, wa zai biya kuɗin komowa idan abin bai yiwu ba. Magoyin baya kuma, ranar da aka sake ɗaga masa riga mai ɗauke da shekara, ya tambaya ko ita ce shekarar da ke cikin takarda.