Shin Inji Zai Iya Sanin Kansa?

Wani ɗalibin jami'a ya tare ni a nan Dabai bayan sallar La'asar da wata tambaya da ta dame shi. Ya ce ya ji wai masana sun ƙera mutum-mutumin da ya san kansa, to ashe ba sun kusa samar masa da ruhi ke nan ba?

Asalin labarin gaskiya ne, kuma bai kamata mu musanta abin da ya tabbata ba. A shekarar 2006, a Jami'ar Cornell ta ƙasar Amurka, Hod Lipson da abokan aikinsa Josh Bongard da Victor Zykov suka ƙera wani inji mai ƙafa huɗu, ba tare da sun sanya masa bayanin siffar jikinsa ba. Injin ya riƙa motsawa yana auna sakamakon motsin, har ya zana wa kansa taswirar gaɓoɓinsa, ya koyi tafiya. Da suka cire masa wani yanki na ƙafa, sai ya gyara taswirar ya sake salon tafiya. A 2022 kuma, a Jami'ar Columbia, wani hannun inji ya kalli kansa ta kyamara 5, ya gane siffarsa cikin kimanin awa 3. Lipson yana ganin wannan mataki ne zuwa ga sanin kai.

A nan ne muka rabu da shi. Sanin tsawon ƙafarka daban, sanin cewa kai ne mai ƙafar daban. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 (ba mu tare da shi a mas'alolin aƙida da yawa, amma wannan misalin nasa yana da ƙarfi), ya ce a ƙaddara mutumin da aka halitta nan take yana rataye a sararin sama, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware ba sa taɓa juna. Ba zai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma ba zai yi shakkar samuwarsa ba. Injin Lipson kishiyar wannan mutum ne: ya san gaɓoɓi sarai, amma babu wata hujja cewa akwai mai sani a ciki. Bijimin noman da ya yi targaɗe a gonakin Zuru shi ma yana sauya tafiya, sai dai shi zafi yake ji. Injin lissafi kawai ya sauya. Ruhi kuwa, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta mayar da iliminsa ga Allah.

Alal haƙiƙa ba injin nake tsoro ba, mutane nake tsoro. A 2022 Blake Lemoine, injiniyan Google, ya yi iƙirarin cewa manhajar LaMDA tana da ji, kamfanin ya ƙaryata shi ya kuma sallame shi. Idan masanin sana'ar ya ruɗu da daɗin zancen na'ura, ina ga yaronmu mai hira da ita a wayarsa da tsakar dare?

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Ranar da aka yarda cewa inji yana da nufi, ranar aka buɗe wa maƙerinsa ƙofar tserewa. Mota mai tuƙa kanta ta take mutum, ko jirgi marar matuƙi ya jefa bam a kan ƙauye, sai a ce ai injin ne ya zaɓa. A shari'a taklifi yana kan mai hankali baligi, saboda haka diyyar wanda aka kashe ba ƙarfe za a bi da ita ba, mutane za a nema, daga wanda ya ƙera har zuwa wanda ya aika.