Folimofizim: Da Wane Suna Za Mu Kira Shi?

Akwai wata kalma da ɗalibin kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ba zai kauce mata ba: folimofizim. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta abu guda mai siffofi da yawa. Sai dai kowane fanni da abin da yake nufi da ita.

Manomin Bungudu ya san ta ba tare da ya shiga aji ba. Idan ya fasa suri zai ga gara ma'aikaciya, da zago mai katon kai, da sarauniya, ga kuma shinge mai fukafukai da ke tashi bayan ruwan farko, alhali duk uwarsu ɗaya. A wajen masana haɗa magunguna kuwa, sinadari guda ne ke daskarewa ta siga biyu. A 1998 sai da aka janye ƙwayoyin ritonavir, maganin ƙanjamau, saboda ya rikiɗe zuwa sigar da ba ta narkewa sosai. Masu kwamfuta ma suna da tasu ma'anar, na bar musu.

Wadda ta fi damuna ita ce ta jini. Ƙwayar halittar da ke gina jan jini tana zuwa da siffar A, tana zuwa da S. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa S ta yi kaka-gida a ƙasashenmu ke nan. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da amosanin jini. Ta yaya ma'aikaciyar asibiti a Tsafe za ta fahimtar da iyayen amarya cewa 'yarsu lafiyarta lau, duk da haka a duba jinin angon?

Mutanen Finlan, da ba su kai miliyan 6 ba, sun ari kalmar suna cewa polymorfismi, kuma suna da tasu, monimuotoisuus, daga moni, wato da yawa, da muoto, wato siffa. Ni dai “yawan-siffa” nake ba da shawara. In malaman Hausa na Gusau suna da wadda ta fi ta, su fara gwada ta a bakin tagar karɓar sakamakon gwajin jini.