Daga Damagaram zuwa Agadas: awa ɗaya a sama, yini guda a ƙasa

Ƙasar Nijar faɗi gare ta: murabba'in kilomita 1,267,000. A ƙasa irin wannan, nisa babban abokin gaba ne ga aikin gina ƙasa, kuma wajibi ne magabata da talakawa su san lissafinsa.

A ɗauki misalin Damagaram da Agadas. A zamanin ayari, raƙumi mai cin kilomita 30 a yini yakan yi wajen mako biyu kafin ya isa. Hanyar mota, wadda ta ratsa ta Tanut, tana da kusan kilomita 450. Motar haya mai gudun kilomita 60 a awa sai ta share awa 7 da rabi, ban da tsayawar salla da ta shingayen jami'an tsaro. Jirgin sama kuwa ba ya bin kwana-kwanar hanya: tsakanin filin jirgin Damagaram da filin Mano Dayak na Agadas kusan kilomita 370 ne a miƙe. Jirgi mai farfela irin Fokker 50, wanda kamfanin Niger Airlines ya soma jigila da shi a 2014, yana gudun kusan kilomita 500 a awa. In an haɗa da tashi da sauka, tafiyar awa ɗaya ce.

Amma ba ko'ina ne jirgi ke da wannan riba ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 235 ne a mota, 200 a sama. Matafiyin da zai je filin jirgi tun da awa guda, ya jira awon kaya, sa'an nan ya nemi abin hawa in ya sauka, abin da ya rage na lokaci kaɗan ne. Ke nan tun da dukiyar ƙasa ba ta da yawa, kamata ya yi a fara da hanyoyi masu nisa: Agadas, Difa, da Yamai, wadda ke kusan kilomita 890 daga Damagaram.

Haka kuma jirgi yana da nasa cikas. A lokacin hunturu hazo yakan rufe fili har matuƙi ya kasa sauka. A watannin zafi iska takan yi sakayau, dole a rage kaya kafin a tashi. Uwa uba kuɗin tikiti ya fi ƙarfin manomi da makiyayi. Tarihi ma ya bar darasi: Air Niger da aka kafa a 1966 ya durƙushe, Air Afrique ya bi sahu a 2002.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Gaskiya ne ga mai lafiya. Ga majinyacin da za a kai babban asibitin ƙasa na Damagaram, bambancin awa ɗaya da awa takwas shi ne bambancin rai da mutuwa.

Saboda haka ana kira ga hukumomi da su tabbatar da abubuwa uku: ranakun tashi tsayayyu waɗanda kowa ya sani, kujeru na musamman da rangwamen kuɗi domin marasa lafiya, da kayan aikin da za su taimaki matuƙi ya sauka cikin hazo. Sa'an nan kada a yi sakaci da gyaran hanyar Tanut, domin ita ce ke ɗauke da hatsi da dabbobi da mafi yawan ƴan ƙasa.

Allah ya taimaki Nijar da jama'arta.