Mutanen Ƙasar Daura, Tun Ran Gini Ran Zane

Jama'ar Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango: Garinmu na faɗaɗa, amma igiyar dillali ta riga taswira isa fili. In muka yi shiru, 'ya'yanmu za su gaji unguwannin da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Kowa shaida ne kan abin da ya sauka a ƙasar nan daga 2019. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, an buɗe asibitin sojojin sama, an aza harsashin Jami'ar Sufuri. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, kuma Daura na kan hanyarsa. Duk wannan alheri ne, mun gode Allah. Sai dai kowane babban aiki yana jawo ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, kowa na neman wurin kwana. Nan take gonar gero ta koma fuloti, a yi awon igiya, a yanka a sayar, ba a bar titi ba, ba lambatu, ba filin makaranta, balle maƙabarta.

Ku dubi kududdufi. Kakanninmu sun haƙa shi don ɗibar ƙasar gini, ya zama matattarar ruwan damina na unguwa. Yau sai a cike shi da shara, a daɓe, a ɗora shago. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya taras da gini a inda ya saba kwana, ɗakin maƙwabci zai faɗa. A Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci rayuka fiye da 40 a Jibiya. Jiharmu ɗaya, samanmu ɗaya.

Haka zancen burtali yake. Duk burtalin da aka nome ko aka gine, shanu za su bi ta cikin shuka, kuma daga nan rigimar manomi da makiyayi ke tashi. Gyara ta a kan takarda ya fi sauƙi a kan gyara ta a gaban alƙali.

Ga kuma hamada a bakin ƙofa. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, mu kuma mu ne a kan iyaka. Ku leƙa Magarya da Matamaye, can tsallaken Kwangwalam. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Nijar suka daina tumɓuke tohon gawo a gonakinsu, suka riƙa rainonsa, har aka farfaɗo da ƙasa kusan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. 'Yan'uwanmu ne, rairayinsu irin namu ne. Me zai sa su raini gawo, mu kuma mu sare namu don a ga kusurwar fuloti?

Saboda haka muke kira. Gwamnatin Jihar Katsina, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma, a matsayin amana. A fito da taswirar Daura da kewayenta kafin jirgi ya fara tsayawa. A nuna inda gidaje za su zauna, inda kasuwa da tasha za su kasance, da inda ba a taɓawa har abada: hanyar ruwa, fadama, burtali, mashaya, gandun daji da bakin madatsar Sabke. A rubuta ta da Hausa, a kafa ta a sakatariya inda talaka zai karanta.

Iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Cinikin fili ba ya ƙulluwa sai da shaidarku. Ku ƙi sa hannu a kan kududdufi da burtali, ko nawa aka ajiye. Malamai, ku faɗa a kan mumbari cewa toshe wa maƙwabci hanyar ruwa zalunci ne. Dillalai, ku ji tsoron Allah, ladan la'ada ba ya biyan gidan da ya rushe. Matasa, ku yashe magudanai kafin ruwan fari, ku ɗauki nauyin bishiya daga dashe har ta yi inuwa.

Kai kuma mai sayen fili, kafin ka ƙirga kuɗi ka yi tambaya uku. Ina titi? Ina ruwa zai bi? Hukumar tsara birane ta amince? In babu amsa, mayar da kuɗinka aljihu. Ranar da masu saye suka daina biya, ranar awon igiya zai mutu.

Ku kai maganar nan majalisar unguwa, ku kai ta wa kansila, ku kai ta fada. A fara daga wannan Juma'ar.